Ɗinkakkiyar Taya da Famfon Baba Masinja

Ku da kuke zuwa rumfata kuna miƙo mini waya, kuna cewa ai kun ga yadda ake yi a bidiyo, wai wani Bature ya gyara gefen taya kafin shayinsa ya huce, to na ji, Allah ya ƙara basira. Ni ban ce ƙarya yake yi ba. Abin da na lura da shi kawai, tayar da ke hannunsa fes take kamar za a kai ta ɗakin amarya, kuma ba a taɓa nuna mana shi washegari ba. Tayar da ake kawo mini nan Samaru ta ratsa gonar dawa, ta taka kashin shanu, mai ita ya ja ta a ƙasa tun daga Bomo, sannan ya tsaya wurin mai facin mota an cusa mata abin da aka ga dama. Sai ta gama wannan yawon duka ake tuna cewa akwai Iro.

Sunana ke nan, Iro Mai Keke. Kayan aikina ga su nan, ba su cika akwati ba: basilla, zaren shumeka, sanfefa, sholisho, facin tayar mota mai zare a ciki, daron ruwa, da tsohon dutsen guga na gawayi da nake danne faci da shi. Injin iska na maƙwabcina ne, aro nake yi. Duk wanda yake ganin sana'ar a kayan aiki take, yana iya sayen waɗannan yau ya buɗe rumfa gobe. Ni zan ma taya shi kafa ta, don na san kwastomominsa wurina za su ƙare.

A Jushi na koyi aiki, wurin marigayi Malam Danjuma, lokacin da keke yake keke. Baƙi ne, mai kariyar ɗaukar kaya a baya, yana ɗaukar buhun masara da maigida da uwargida da goyonta, bai ce uffan ba. Karatun Malam Danjuma a kan taya guda ɗaya ne: a buga mata iska har sai ka ƙwanƙwasa ta amsa kamar ganga. Kuma gaskiyarsa, don taya mai tub in ta yi laushi, rim ne zai ciji tub ɗin a ramin farko. In na buga iska na tsaya, sai ya zo ya danna da babban yatsa, in yatsan ya motsa ko kaɗan, ranƙwashi ne. Duk Zariya a kan wannan karatun aka tashi. Shi ya sa har gobe, in ka bi titi da taya mai ɗan laushi, mai rake zai bar cinikinsa ya ƙwala maka kira, “Malam, tayarka ba iska!” Mai shayi zai maimaita, ɗan acaba zai rage gudu ya sake gaya maka ko ba ka ji ba. Ba mugunta ba ce, zumunci ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗinki kuwa ba a wurin maigidana na koya ba, talauci ne ya koya mini. Shekarar da babura masu araha suka cika gari, kowa ya jingine kekensa a bayan ɗaki kaji suna kwana a kai. Nakan wuni a rumfa ina buga wa yara iska a ƙwallo, in an yi sa'a a kawo tayar baro. Waɗanda muka koyi aiki tare, wani ya koma acaba, wani ya koma gadi. Ni kuwa inuwa ɗaya muke sha da wani shumeka, Ayuba, mutumin Kudancin Kaduna, wanda shi kasuwarsa ba ta san an yi babur ba, tunda takalmi bai fasa tsinkewa ba. Da ya gaji da ganina ina ƙirga motoci, sai ya miƙo mini basilla ya ce in taya shi. A hannunsa na san cewa ba a huda kusa da baki, kuma ba a jan zare kamar ana fushi da shi. “Haɗa su kawai su gaisa,” haka yake cewa, “kada ka shaƙe su.” Na yi damina da rani ina ɗinkin silifas ina jin kunyar a gan ni. Ban san jari nake tarawa ba.

Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai ga keke ya dawo, amma ba wanda muka sani ba. Waɗannan na gwanjo ne, masu giya barkatai da taya mai kauri mai ƙuraje, waɗanda aka yi don hawan duwatsu a ƙasar da mutane ke hawan dutse don nishaɗi. Ranar da aka fara kawo mini marar tub, wanda ake ce wa tubles, na zare taya ina laluben tub, sai wani farin ruwa ya kwararo mini a wando. Ɗalibin da ya kawo ya ce, “Baba, ai sealant ne.” Na ce to, madara dai. Har yau madara nake ce mata, kuma duk Samaru sun bi ni.

Aikin madarar nan shi ne toshe ƙananan huji. Ƙayar tsidau ta shiga, kafin ka sauka ta toshe. In ƙusa ce ta shiga ta saman taya inda roba ke da kauri, a cusa igiyar faci irin ta babur, an gama. Wannan ko jikata za ta iya. Gefen taya shi ne wurin da ake sanin na ƙwarai. Ba shi da nama, zare ne da 'yar roba shafe a kai, kuma duk juyin da taya za ta yi sai ya lanƙwashe ya miƙe. Abin da ka cusa a nan, zai tofo maka shi kafin ka kai Kwangila. In ka ce bari ka sa tub ka huta, tub ɗin zai leƙo ta wurin yankan kamar cibiyar yaro, ya fashe.

Aikin da na fi tunawa a wannan fanni na Malam Sabi'u ne, kuma waccan tayar da kuke gani rataye a saman rumfa, mai ɗinki kamar ƙwarya, tasa ce.

Malam Sabi'u ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti, can wani ƙauye gaba da Bomo. Ba a tabbatar da shi ba tukuna, na wucin gadi ne, kuma shi ke kai akwatin sanyi na allurar rigakafi. Ya sayar da babur saboda mai ya fi ƙarfinsa, ya sayi keken nan a gwanjo. Ya zo mini bayan an yanke dawa, yana turo keken, zufa har cikin takalmi. Kun san yadda manomi ke sare kara a karkace ya bar tushen tsaye kamar mashi. To ɗaya daga cikinsu ne ya tsaga masa gefen tayar gaba, tsawon gaɓar yatsa.

Na ce masa abin da ya fi shi ne sabuwa. Muka rufe rumfa muka shiga kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan keke, shago shago. Tayar tasa irin manyan nan ce, ta fi wadda aka saba da ita faɗi. Wanda na fi amincewa da shi a layin ya juya ta, ya karanta lambar jikinta, ya miƙo mini. “Oga Iro, wannan babu. E no dey. Ko Kano sai an yi sa'a.” A hanyar dawowa Malam Sabi'u ya gaya mini abin da ke cin sa. Shugabar asibitinsu ta riga ta ce masa ita ba ta da matsala da shi, amma ba za ta riƙa tara mata da jarirai a rana suna jiran allurar da ba ta iso ba. Akwai masu babur da ke neman gurbinsa. In keken ya tsaya, aikin ya tsaya, kuma ga iyali.

Na ce to, a ɗinke.

Ku saurara, don wannan ne wurin da wayarku ke tsallakewa. Da farko na cire tayar na wanke madarar tas, saboda sholisho da madara ba sa ga maciji. Na shanya ta a inuwa har ta bushe ƙarau, na juya cikinta waje. Na duba yankan: bai kai bakin da ke kama rim ba. In ya kai nan, ka yi wa mai ita ta'aziyya kawai, babu ɗinkin da zai riƙe. Na goge wurin da ɗan fetur a tsumma. Sannan basilla. Na huda nesa da bakin yankan kaɗan, inda zaren taya ke da lafiya, na bi shi ɗaya bayan ɗaya yadda Ayuba ya koya mini, baki ya haɗu da baki ba tare da ya tattare ba. In ka ja da ƙarfi taya za ta yi tamoji, ta riƙa rawa a hanya. Bayan ɗinki na bi cikin da sanfefa sama-sama, don in ka ci roba har zare ya fito ka ƙara wa Barno dawaki. Na shafa sholisho, na jira. Yawancinku a nan kuke faɗuwa, ba ku iya jira ba. Sai ya daina sheƙi, ka taɓa da bayan yatsa ya kama ka kaɗan ya sake. Na ɗora facin mota mai zare, na murza daga tsakiya zuwa baki, na ɗora dutsen guga, na ce ya dawo gobe.

Washegari na yi abin da ba na tsallakewa: na mayar da ɗinkakkiyar baya, na kawo ta baya gaba. Tayar da aka ɗinke ba ta zama a gaba a rumfata, ko mai ita zai yi kuka. Ta baya in ta fashe, sauka za ka yi ka yi tsaki. Ta gaba in ta fashe, haƙoranka za ka tsinta. Na buga mata iskar inji har ta ce tas, tas, ta zauna a rim, nan take na rage, na zuba madara, na bar ta da laushi.

Malam Sabi'u ya danna ya dube ni. “Malam Iro, ba a ƙara ba?”

“Ba a ƙara ba. Haka irinsu suke so ko da lafiyarsu, balle wannan mai ɗinki. Duk wanda ya ce ma ba iska, ka ce ka gode, ka wuce.”

Ya ce to. Mutum ne mai yawan cewa to.

Ba a yi mako ba sai ga shi yana turo keken. Wurin ɗinkin ya kumbura kamar rina ta harbi taya, zare biyu sun yaga roba sun fita, madara na tsiyaya. Na taɓa tayar gaba, wadda ba abin da ya same ta, na ji ta kamar dutse. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa in ya san ya fi ni sanin aikin, da bai wahalar da ni ba. Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Na tambaye shi wane mai facin ne ya buga masa, ya ce babu. Na ce to aljanu ne? Ya ce a dai yi haƙuri. A ranar ma ya makara, har an sallami wasu matan.

Na warware, na matsa baya kaɗan inda roba ke da sauran ƙarfi, na sake ɗinki, na sa faci mafi faɗi. Da ya zo karɓa na ƙi ba shi keken. Na ce sai ya gaya mini wanda ke buga iskar, don ba zan riƙa zuba ruwa a kwando ba.

Da ƙyar maganar ta fito, yana yi yana kallon ƙasa. Ɗaki ɗaya yake haya a Palladan, babu wurin ajiye keke, kuma ɓarayi sun san darajar irin wannan. Don haka a zauren surukinsa keken ke kwana, layi biyu tsakaninsu. Surukin, wanda unguwa ke kira Baba Masinja, ya yi rayuwarsa duka yana kai takardu ofis ofis a kan baƙin keke. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma famfonsa na nan. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya bi duk keken da ya kwana a zauren, na jikoki da na maƙwabta, ya danna, ya buga. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya isa ya hana shi.

Na ce, “To ka faɗa mashi mana.”

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. “Ni? In ce ma Baba ya daina? Malam Iro, ko ido ba na iya haɗawa da shi. Kuma tsakani da Allah yake yi. In na zo ɗauka sai ya ce, na ga ba ka kula da tayarka, na gyara ma. Sai in durƙusa in yi godiya.”

“Sai ka hau ta haka?”

“Ranar farko na hau. Daga baya in na sha kwana sai in tsaya in rage.”

Wannan ragewar ba ta da amfani, don sabon ɗinki ba ya jiran a hau shi, iskar kaɗai ta isa ta buɗe shi. Amma na gane matsalarsa. Ni ma ina da surukai, kuma har suka koma ga Allah ban taɓa cin abinci a gabansu ba.

Sai na yi dabara irin ta masu sana'a. Na samo murfin ƙarfe na bawul, wato bakin da ake buga iska, na ɗaure shi da filaya yadda hannun tsoho ba zai iya kwancewa ba. Na ce shi ke nan, Baba zai gwada ya gaji ya haƙura, ba wanda ya ɓata wa wani. Abin da na manta shi ne, mutumin da ya yi shekaru yana hawan keke ba ya rasa filaya. Malam Sabi'u ya ce da ya je ɗauka ya tarar an tara jikoki ana yi musu faɗa a kan wanda ya yi wasa da bawul ɗin keken baban su Ummi, wato shi Malam Sabi'u, ga taya kuma an buga mata har da ƙari, saboda haushi.

Wannan karon ɗinkin bai fashe a hanya ba, amma ya buɗe baki. Na juya tayar na duba, na ga robar da ta rage mai lafiya ba ta wuce ta ɗinki ɗaya ba. Bayan shi sai dai a yanka ta a yi takalmi. Na gaya masa haka. Shi kuma ya gaya mini shugabarsu ta ce magana ta ƙare, in ya sake makara ranar allura kada ya wahalar da kansa zuwa. Na ce to ya zaɓa, ko aikinsa ko kunyar surukinsa. Sai ya ce, “Allah zai kawo wani aikin.”

Na daɗe ina sana'a, na ga masu rowa, na ga masu gardama, amma ban taɓa ganin mutumin da zai ajiye abincin 'ya'yansa don kada ran tsoho ya sosu ba. Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Na yi ɗinkin ƙarshe, na ce ya bar keken ya kwana wurina, gobe Lahadi ba aiki, ni zan kai masa har Palladan.

Ban kai masa ba. Zauren surukin na nufa, da hantsi.

Na tarar da Baba Masinja a kan tabarma, ga baƙin kekensa jingine a bango, ba ya hawansa amma ko ƙura babu a jiki. Famfon na rataye a bayan ƙofa, irin dogon nan na ƙarfe, an naɗe bututunsa da zare inda ya tsage. Muka gaisa. Na ce ni ne Iro, yaron Malam Danjuma na Jushi. Nan fuskarsa ta saki, ya ce ai Danjuma ne ya ɗaure masa wilin bayan baƙin keken nan, har yau bai karkace ba. Muka yi wa mamaci addu'a, muka zagi kekunan zamani tare. Sai da hira ta yi daɗi na shigo da keken Malam Sabi'u cikin zauren.

Ya miƙa hannu ya danna tayar baya, ya girgiza kai. “Ka gani ko? Kullum haka nake fama. Yaron kirki ne, amma bai san taya ba.” Ya yunƙura zai ɗauko famfo.

Na ce, “Baba, ku dakata. Iskarku ce ke kashe ta.”

Ni ba surukinsa ba ne, don haka na faɗa yadda take. Na kama hannunsa na ɗora a kan ɗinkin, ya shafa. Na ce babu tub a ciki, babu abin da rim zai ciza, kuma wannan zaren shi kaɗai ya rage tsakanin mijin 'yarsa da zaman gida. Na gaya masa maganar shugabar asibiti, da yawon da muka yi a Sabon Gari.

Ya sake shafa ɗinkin. Sannan ya ce, “Shi ya aiko ka?”

“Bai san na zo ba. Shi cewa ya yi gara ya rasa aikin da ya faɗa maku.”

Tsohon ya juya ya kalli famfonsa. Na ga abin ya shige shi, kuma ban ji daɗin kaina ba. Mutum ya rage da aiki ɗaya a duniya, ka zo da hantsi ka ce masa ɓarna ce.

Sai na gaya masa sauran gaskiyar, don akwai ta. Na ce irin wannan tayar, ko ba ɗinki, kullum sai ta ɗan sace, haka halinta yake. In aka bar ta ta yi laushi da yawa, gefen zai riƙa naɗewa, ɗinkin ya tafi. In aka cika mata, ya tafi. Tana bukatar wanda zai taɓa ta kowace safiya ya san daidai, kuma Malam Sabi'u ba shi da wannan yatsan. Na sa nawa na danna, na ce ya danna kusa da shi. Ya danna, ya sake dannawa, ya rufe ido.

“Wannan ai ba taya ba ce,” in ji shi, “fanke ne.”

“Fanken ake so, Baba.”

Ya sa na sace ta kaɗan, ya ɗauko famfon ya buga a hankali, ya danna, ya ƙara rabin bugu, ya dube ni. Na taɓa. Malam Danjuma da kansa ba zai fi haka ba, in da an taɓa shawo kansa. Da zan tafi ya riƙe mini hannun riga ya ce, “Kada ka faɗa mashi na sani. In ya ji, kunya za ta hana shi kawo keken nan, ya je ya ajiye inda za a sace.” Na ce na yi alkawari.

Da Malam Sabi'u ya tambaye ni, cewa na yi na kai keken, mun gaisa da Baba, mun yi hirar mutanen da. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba. Ɗinkin ya zauna. Aka yi rani, aka shiga damina, akwatin allura na isa kafin mata su gama taruwa. Aka tabbatar da Malam Sabi'u a aiki, ya kawo mini rake da gyaɗa daga ƙauyen. Wani maƙwabcinsu ya ba ni labarin cewa duk wanda ya leƙa zauren ya ce tayar nan ba iska, Baba kan ce masa, “Haka take. Ku ba ku san na zamani ba.”

Sai bayan wata kakar, wata safiya, na hango Malam Sabi'u yana turo keken, tayar baya shimfiɗe a ƙasa. Na ce shi ke nan, ɗinki ya cika aikinsa. Na buga mata iska na tsoma a daro, na juya ta kaf. Ko kumfa ɗaya. Ɗinkin na nan yadda na bar shi.

Na ce, “Ba abin da ya same ta. Iska ce kawai ta ƙare. Yaushe rabon da a buga mata?”

Ya ce, “Ai ba a buga mata. Tun ranar da kuka kai ta Palladan ba wanda ya sake taɓa ta, kuma ba ta taɓa sacewa ba sai kwanan nan.” Sannan ya ce, “Baba ya rasu, Malam Iro. An yi bakwai shekaranjiya.”

Na yi masa ta'aziyya. Ya zauna a bencina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce akwai abin da ke damunsa. Ya san ni na yi wa Baba magana, ko ban faɗa ba, don tun daga ranar Baba bai sake ce masa “na gyara ma tayarka” ba. Ya ce yana ganin shi ne sanadin da aka raba tsoho da ɗan abin da yake jin daɗin yi, kuma har ya rasu bai iya neman gafararsa ba.

Alkawarin da na ɗauka don kada keke ya rasa wurin kwana ne, kuma wanda na yi wa alkawarin ya riga ya tafi. Don haka na ce, “Malam Sabi'u, kai ma'aikacin lafiya ne, ni mai keke ne, kowa da abin da ya sani. Ba a yi tayar da za ta shekara ba a buga mata iska ba. Wannan ma ko mako ba ta yi. Kullum kafin ka iso Baba ya riga ya taɓa ta, ya buga mata daidai, ya mayar da famfo bayan ƙofa. Shi ya ce kada in faɗa ma.”

Bai ce to ba. Ya juya fuskarsa wajen titi, ni kuma na sami abin yi a cikin akwatin kayan aiki, na daɗe ina nemansa.

Da ya tashi na kama babban yatsansa na ɗora a kan tayar, na ce ya danna, ya riƙe yadda ya ji. Na ce famfon na nan a bayan ƙofar zaure, ya roƙa a ba shi kafin jikoki su mayar da shi bindiga.

Tayar ta ƙara wata shida a hanya kafin ƙurajenta su cinye ta zama sulɓi, lokacin an fara samun irinta a Sabon Gari. Da ya sa sabuwa na ce ya bar mini tsohuwar. Ga ta can, ku sauko da ita ku duba, ɗinkin bai motsa ba. Wanda ya ce aikin ba wuya, ga basilla ga zare, akwai wata yankakkiya a ƙarƙashin benci. In ya gama ɗinkin, sai ya zo mu yi maganar wanda zai riƙa taɓa ta da safe.